Wa Ya Fara Auna Lalaci? Tarihin "Sai Gobe" Daga Gonakinmu Zuwa Ɗakin Gwaji

Ga waɗanda suka ce data ba ta isar su sauraron murya, ga rubutaccen shirin wannan makon kamar yadda muka saba. Daga Jahun nake magana, kuma yau zan fara da tona asirin kaina kafin in taɓa na kowa.

A shekarar 2022, cikin azumi, ƙungiyarmu ta matasan unguwa ta zauna bayan asham. Maganar ɗaya ce: magudanar ruwan da ta ratsa bayan gidajenmu ta cushe da leda da yashi, in ba a yashe ta ba kafin damina za a sha wuya. Kowa ya yarda. Ni ne sakatare, aka ba ni aiki biyu: in sanar da mai unguwa, in kuma bi gida-gida in tara kuɗin hayar baro da shebur. Aikin da bai wuce yini biyu ba.

Na ce a bari sai bayan ƙaramar Sallah. Sallah ta wuce, na ce ai mutane sun tafi sharar gona. Ruwan shuka ya sauka, na ce a bari a gama noman firi. Aka gama, na ce ga babbar Sallah ta matso, kowa tunanin rago yake. A watan Agusta aka kwana ana ruwa. Magudanar ta tumbatsa, ruwa ya koma cikin gidaje, ɗakin wata dattijuwa maƙwabciyarmu ya zube. Allah ya kiyaye, a ɗakin jikokinta ta kwana a daren. Da safe na je jaje, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai na ji an ce za ku yashe mana." Na ce, "Haka ne Inna." Ban sami abin ƙarawa ba.

Ku lura, a duk watannin nan ban zauna haka kawai ba. Na je gonar babanmu, na koyar da yara darasin yamma, na rubuta dogayen bayanai a Facebook kan gwamnati da ambaliya. Aiki guda ɗaya tak nake gudu. To me za a kira wannan? Lalaci? Kasala? Sakaci? Kuma in ciwo ne, ana iya auna shi kamar yadda ake auna zazzaɓi? Wannan tambayar ce ta sa na shiga bincike, sai na tarar mutane sun daɗe suna ƙoƙarin auna wannan abu, kuma tarihin awon nasu ya ratsa ta ƙasarmu.

Ma'aunin kakanni

Kafin agogo ya zo, manomin ƙasar nan yana da ma'auninsa. Malamai masu hisabi sun raba shekara zuwa taurari 28, kusan kowanne kwana 13, kuma har yau za ka ji tsofaffi a majalisa suna cewa an shiga Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha. Ba don nishaɗi suke lissafin ba. Damina a nan wata uku zuwa huɗu ce. Wanda ya makara da shukar gero da mako biyu, ko ya bar ciyawa ta riga shi, zai ga sakamakon a yawan damin da zai kai rumbu. Rumbu shi ne takardar jarrabawa, kuma duk gari na iya karanta ta.

Amma kakanninmu ba su bar mutum shi kaɗai da zuciyarsa ba. Dubi tsarin gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna fita gonar gida tare, daga safe zuwa wajen azahar, sannan da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Ba a tambayar saurayi ko yana jin ƙarfin gwiwa yau. Lokacin fita sananne ne, abokan aiki suna jiransa a ƙofar gida. Dubi gayya: a jera samari kowa da kunyarsa, makaɗi yana zuga, 'yan mata suna kallo. Wanda aka bari a baya kowa ya gan shi. Wannan awo ne ƙarara, kuma awon da maganinsa a haɗe suke, domin wanda zai yi nawa shi kaɗai a gonarsa ba ya yarda a bar shi a baya gaban jama'a.

Haka a tsangaya. Almajiri ba ya cewa zai haddace izu sittin wata rana. Yana da allo guda a gabansa. Ya biya, malam ya saurara, in ya zauna a ce ya wanke, a rubuta na gaba. Babban aiki an yanyanka shi ƙanana, kuma kowane yanki yana da mai duba shi. Iyayenmu mata kuwa suna da adashi. Matar da ta san in kuɗi ya kwana a hannunta zai narke, sai ta miƙa wa uwar adashi, ta ɗaure hannun kanta da kanta.

Malaman addini ma sun san ciwon, suna kiransa taswifi, wato yawan cewa "zan yi". A cikin addu'o'in da aka koya mana akwai neman tsari daga gajiyawa da kuma kasala, an ambace su a matsayin abu biyu daban: wanda ba zai iya ba, da wanda zai iya amma ya ƙi motsawa. Ku riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u kan yadda mutum zai yi wa kansa hisabi: da safe ya gindaya wa ransa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare ya zauna ya yi lissafi kamar ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Kun ga ke nan auna kai ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Da Bature ya zo da nasa ma'aunin

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, Haɗeja kuma a 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a ciki. Da suka zauna, sai suka zo da wani tunani da suke yawo da shi duk inda suka mallaka: wai mutanen ƙasashen zafi malalata ne, sai an matsa musu suke aiki. Lugga da kansa ya kare haraji da hujjar cewa yana zaburar da mutane su yi aiki su samar da amfani. A ƙasar Kano aka fito da malaman taki, suna bin gonaki suna auna su da ƙafa don a yanka haraji. Ka biya da kuɗi, kuɗin kuma sai ka noma abin da kamfanoninsu za su saya.

Wani masani ɗan Malesiya, Syed Hussein Alatas, ya rubuta littafi a 1977 kan wannan tatsuniya ta malalacin ɗan ƙasa. Ya nuna cewa a Malesiya da Jawa da Filifin, wanda Turawa suke kira malalaci shi ne mutumin da ya ƙi barin gonarsa ya je ya yi musu aiki a tasu gonar. Wato ma'aunin ba ƙoƙarin mutum yake aunawa ba, biyayyarsa yake aunawa.

Manoman ƙasar Kano, mu ma a lokacin cikinta muke, sun ba da amsa a aikace. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga za ta cika shi don masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ana shuka ta tare da hatsi, in kasuwa ta faɗi kuma a ci abinta. Cikin shekara biyu gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, aka samu su Alhassan Ɗantata, aka ja layin dogo har Nguru a 1930, ya bi ta Ringim da Malam Madori. Mutanen da aka ce ba sa motsi sai da bulala, da suka ga aikin da ladarsa ta tabbata, babu wanda ya tashe su.

Masu littafi da biro a bakin gona

Bayan 'yancin kai sai aka fara awo na gaskiya. A 1966 zuwa 1967, David Norman na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya sa ma'aikata suka riƙa bin gidajen manoma a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, tsawon shekara guda, suna rubuta wa ya yi wane aiki, awa nawa. Abin da ya fito shi ne aikin manomi ba a shimfiɗe yake ba. A watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, hannu ba ya isa ko kaɗan. Wanda ya zo ƙauye da rani ya ga maza a gindin bishiya ya ce malalata ne, bai zo lokacin da ake kwana da ciwon baya ba. Daga baya, a shekarun 1990, Michael Mortimore da William Adams sun yi irin wannan ƙidaya a ƙauyuka huɗu, ciki har da Dagaceri a nan Jigawa, suka nuna cewa gwanintar manomin yankinmu tana cikin yadda yake rarraba hannayen da yake da su a ɗan gajeren lokacin da ruwa ya ba shi.

Amma binciken da ya fi taɓa ni shi ne na wata Baturiya, Polly Hill. Ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, littafinta ya fito a 1972. Ta kasa magidantan garin kashi huɗu bisa ƙarfin arzikinsu, ta duba waɗanda gonakinsu ke cika da ciyawa. In ka wuce ta gonar irin wannan mutum za ka ce rago ne. Sai ta gano rumbunsa ya ƙare tun kafin damina. Don iyalinsa su ci yau, dole ya tafi ƙodago gonar mai hali, a daidai kwanakin da tasa gonar take buƙatar fartanya. Kafin ya dawo kanta ciyawa ta ci ƙarfin gero. Kaka ta zo ya samu kaɗan, rumbu ya sake ƙarewa da wuri, baɗi ma haka. Talauci ne ya hana shi noma, ba rashin noma ne ya fara jawo masa talauci ba.

Kun tuna bambancin gajiyawa da kasala? Ga shi nan a fili. Duk ma'aunin da ya kasa raba waɗannan biyun, zalunci zai yi.

Alewa a ɗakin gwaji

Yanzu mu leƙa Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, wani masanin halayyar ɗan Adam, Walter Mischel, ya yi wani gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford. A zaunar da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, a ajiye masa alewa ɗaya, a ce masa: in ka jira na dawo za ka samu biyu, in ka kasa ka ci ɗayar. Sai a fita a bar shi kamar minti 15. Da aka bibiyi yaran bayan sun girma, a 1990 aka wallafa cewa waɗanda suka fi jira sun fi cin jarrabawar shiga jami'a. Duniya ta ɗauka. Aka riƙa cewa ga ma'aunin kamun kai an samu, tun yaro yana ƙarami za a san ko zai yi nasara.

Sai aka fara tono. A 2013 Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka ƙara wani abu. Kafin a kawo alewa, sai a yi wa yaro alkawarin kayan zane masu kyau. Rabin yaran a cika musu, rabi a dawo a ce a yi haƙuri babu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kamar minti 12. Waɗanda aka saɓa wa, kamar minti 3. Yaron da ya cinye alewarsa ba lallai ya rasa haƙuri ba, wataƙila ya koyi cewa manya ba sa cika magana.

A 2018 Tyler Watts da abokansa suka sake duba lamarin da yara sama da 900 daga gidaje iri-iri. Da suka cire tasirin arzikin gida da ilimin iyaye, yawancin bambancin ya zube. Sannan ga wanda zai ba ku dariya: wata mai bincike Bajamushiya, Bettina Lamm, ta kai gwajin Kamaru, wajen 'ya'yan manoman ƙabilar Nso, aka ajiye musu fanke. Kusan kashi 70 cikin ɗari suka jira har ƙarshe. 'Ya'yan Jamusawa ba su kai kashi 30 ba. Jikokin waɗanda aka ce ba su da kamun kai ke nan.

Takardar tambayoyi

Manya kuma ba a gwada su da alewa, tambayoyi ake ba su. A 1984 Laura Solomon da Esther Rothblum suka tambayi ɗaliban Jami'ar Vermont, kashi 46 cikin ɗari suka ce kusan kullum suna jan ƙafa wajen rubuta aikin da malami ya ba su. Da aka tambayi dalili, manyan dalilai biyu suka fito: tsoron faɗuwa, da ƙyamar aikin kansa. A 1986 Clarry Lay a Kanada ya fito da ma'auni mai jimla 20, mutum ya karanta kowace ya faɗi yadda ta dace da shi, a tara maki. Har yau ana amfani da shi.

A 2007 Piers Steel na Jami'ar Calgary ya tattara ɗaruruwan sakamakon bincike ya tace. Ma'anar da ya bayar ita ce ta fi min amfani: jan ƙafa shi ne ka jinkirta abin da kai da kanka ka yi niyya, da ganganci, alhali ka san jinkirin zai cuce ka. A wannan ma'anar, manomin Ɓatagarawa da ya tafi ƙodago ba ya ciki. Ni da magudanar ruwa ina ciki dumu-dumu. Steel ya nuna abubuwan da suka fi jawo shi: aikin ya zama abin ƙi, ladarsa ta yi nisa, mutum ya yi shakkar iyawarsa, ko ya zama mai saurin bin abin da ya gifta masa. Wasu masanan, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, suka ƙara da cewa asalin abin gudun ɓacin rai ne: kana kauce wa aikin don ka ji sanyi yanzu, ka tura wa kanka na gobe wahalar.

Da na karanta wannan sai na gane abin da nake gudu. Shekarar da ta gabaci wancan zaman, na taɓa tara kuɗin wani aiki, wani ya yi min habaici a majalisa cewa sakatare ya yi sabon takalmi. Maganar ta zauna min. Ba shebur nake tsoro ba, tsayawa a ƙofar gidan mutane ina neman naira ɗari biyu nake tsoro. Da na faɗa wa 'yan ƙungiya haka tun cikin azumi, da wani ya karɓi tara kuɗin, ni in riƙe rubutu. Kunya ta hana ni, na fake da Sallah.

Sai dai waɗannan takardu suna da nasu rauni. Mutum ne yake ba da labarin kansa, kuma kowa gwani ne wajen yi wa kansa ado. Yawancinsu a kan ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka aka gina su, masu wuta dare da rana. In ka tambayi ɗalibi a nan ko yana makara wajen tura aiki, ya ce e, ba ka san ko jan ƙafa ne, ko wayarsa ce ta mutu kwana biyu babu wutar caji ba. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai suke haɗawa da kallon aiki: yaushe ka ce za ka yi, yaushe ka yi, kwana nawa ne a tsakani.

Takin zamani a Kenya

Irin wannan awon na aiki shi aka yi a gundumar Busia ta yammacin Kenya. Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun lura manoman masara suna cewa za su sa taki baɗi, sun san yana da riba, amma lokacin sawa ya zo babu kuɗi. Da kaka kuɗi yana hannu, sai a ce a bari tukuna, ai da saura. Kafin damina hidimomi sun cinye shi. Sai masu binciken suka aika mutum gida-gida da zarar an gama girbi: biya kuɗin takinka yanzu a cikakken farashi, za a kawo maka har gida kyauta. Wannan ɗan sauƙin, da aka yi a kan lokaci, ya ƙara yawan masu sa taki kwatankwacin abin da babban rangwamen farashi ya yi da aka bayar a makare. An wallafa sakamakon a 2011, kuma Duflo da Kremer suna cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Ku faɗa min, mene ne bambancin wannan da adashi? Duk manomin shinkafa a fadamun Harbo ko Miga ko Auyo ya san wannan labarin: da kaka buhu yana arha kuɗi yana aljihu, lokacin dashe kuma a shiga neman bashin taki.

Jan ƙafar al'umma

Ba mutum ɗaya kaɗai ke cewa sai gobe ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta canza. Da can kogin yana cika da damina ya ja baya da rani. Yanzu ruwa yana kwanciya a wurare duk shekara, kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye shinkafa. In damina ta yi ƙarfi, ruwan da ya rasa hanya sai ya shiga gari. Mun gani a 2018, mun gani a 2020, mun gani a 2022.

Yanke kachala da gyaran jinga aiki ne da ya cika duk sharuɗɗan Steel: ga wahala, ga ladar sai bayan watanni, ga shakkar ko ƙoƙarin ƙauye ɗaya zai yi tasiri in na gaba bai yi ba. Ƙari a kan haka, aikin kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin lauje da kwalekwale, sai injin gwamnati da hukumomin kogi, kuma wajibi ne mu ci gaba da matsa musu. Amma su ma da wannan ma'aunin ya kamata mu auna su: ranar da aka yi alkawari, ranar da aka fara aiki, kwana nawa a tsakani. Lokacin yin wannan tambayar watan Fabrairu ne, ba Satumba da mutane ke kwana a azuzuwan firamare ba.

Abin da muka canza

Ba zan ce muku na warke ba. Wannan shirin ma tun makon jiya ya kamata ya fita. Amma ga abin da muke yi a ƙungiyarmu tun bayan waccan daminar, ko wani zai ɗauka.

Muna da littafi guda. Duk aikin da aka yanke, a rubuta sunan mutum ɗaya, da rana, da wuri, da abin da zai fara yi. Ba a yarda da "bayan Sallah" ba, sai dai "Asabar, bayan sallar asuba, a bakin kwalbati, da shebur biyar". Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna tun 1999 cewa niyyar da aka ɗaure ta da lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari a sake. Gandu ya riga shi sani, amma madalla da ya auna.

A kowane zama muna buɗe littafin mu ƙirga kwanakin da ke tsakanin alkawari da aiki. Wannan lambar ita ce ma'auninmu. Ba ma kiran kowa rago. In lambar mutum ta yi yawa, tambaya uku muke masa: ba ka da halin yi ne, ko ba ka yarda aikin zai yi amfani ba, ko akwai abin da kake gudu a cikinsa? Na farko taimako yake buƙata. Na biyu hujja yake buƙata, ko kuma mu ne ya kamata mu saurare shi. Na uku yana buƙatar abokin tafiya, ko a musanya masa aikin. Ni yanzu ba na tara kuɗi. Wani ɗan'uwa mai shago, wanda neman kuɗi ba ya masa nauyi, shi yake yi, ni in rubuta in liƙa lissafin a bangon masallaci.

Kuɗin yashe magudana kuma da kaka muke tarawa, lokacin da kowa ya sayar da riɗi da shinkafa. Mun koya daga Busia, mun koya daga iyayenmu mata. A watan Afrilu ake aikin, a jere, kowa da nasa taki goma. Ɗakin Inna mun tayar mata da shi da rani, da bulon ƙasa da muka buga da kanmu. Ba ta sake ɗaga maganar ba, ni ne dai ban manta ba.

Ga aikin gida. Ka ɗauki takarda yau, ka rubuta abu ɗaya da ka fi wata guda kana cewa za ka yi: cike fom ɗin nan, kai mahaifiya asibiti a duba hawan jininta, gama babi na uku na aikin kammala karatu, biyan bashin da kake kauce wa mai shi. Ka rubuta ranar da ka fara cewa za ka yi, ka ƙirga kwanakin zuwa yau. Sannan ka yi wa kanka tambayoyin nan uku, tsakaninka da Allah. In ka ga dama ka rubuto mana lambarka a ƙasa, ba sai ka faɗi aikin ba. Tawa ta magudana, daga azumi zuwa daren da ɗakin ya faɗi, ta haura kwana 120.

Allah ya raba mu da kasala, ya ba mu damina mai albarka, ya kare garuruwanmu daga ambaliya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.